Naman daji: Abin da ke samun sa tsakanin dawa da tukunya

Duk wanda ya saba bin hanyar Abuja zuwa Lakwaja, ko yake fatauci zuwa Anacha da Legas, ya san wuraren da direba kan sassauta gudu saboda samarin da ke tsaye a bakin kwalta suna ɗaga gyazbi ta wutsiya, ko matan da suka baje cinyoyin gada da aka yi wa banda har suka yi baƙi wuluk. A Arewa kuma, da zarar an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, sai a fara ganin motocin mafarauta maƙil da matasa da karnuka suna nausawa daji, su dawo da zomaye da gafiyoyi da kuregu da fakara, in an yi sa'a har da barewa. Ma'aikacin da ke dawowa daga taro, ko ɗan kasuwar da ya gama sarin kaya, sai ya tsaya ya yi ciniki, ya jefa a bayan mota, ya kai wa iyali tsaraba.

Masu cin wannan nama suna da yawa, har a manyan birane. Wani bincike da ƙungiyar WildAid ta fitar a 2021, bayan jin ta bakin mutum 2,000 a Legas da Abuja da Fatakwal da Kalaba, ya nuna kimanin kashi 70 cikin 100 sun taɓa cin naman daji, kashi 45 kuma sun ci a cikin shekarar da ta gabaci binciken. Hujjar da akan ji a bakin masu sha'awarsa ita ce ya fi na gida lafiya: dabbar ba ta san allura ba, ba ta ci abincin kamfani ba, ganyayen magani take kiwo, ga shi ba ta da kitse. Maganar kitsen gaskiya ce. Sai dai mafi yawan haɗarin yana shiga nama ne daga lokacin da dabba ta faɗi zuwa lokacin da aka sauke tukunya, kuma a wannan tsakanin babu hukumar da ke sa ido a kan naman daji.

Saniyar da aka kai abbatuwa, duk da ƙorafin da ake yi game da tsaftar mayankan ƙasar nan, akwai ƙa'idar jami'in lafiyar dabbobi ya duba ta kafin yanka, ya kuma duba huhu da hanta bayan an feɗe. An yanka ta da asuba, kafin azahar naman yana kan teburin mahauci, kafin dare an dafa. Gadar da ke rataye a bakin titi kuwa, mai saye bai san ranar da ta mutu ba, bai san abin da ya kashe ta ba, sau da yawa ma mai sayarwar bai sani ba, domin shi ma sara ya yi daga hannun wani.

Sa'o'in farko bayan harbi

Tsokar dabba mai lafiya kusan babu ƙwayoyin cuta a cikinta. Matattararsu ita ce hanji da tumbi da fata. A nan ake samun Salmonela da Kamfilobakta da nau'o'in Ikolai masu haɗari, waɗanda ke sahun gaba wajen haddasa amai da gudawa bayan cin nama a ko'ina cikin duniya. Ƙwararren mahauci yakan fitar da kayan ciki ba tare da ya huda hanji ba. Harsashi da kibiya da haƙorin kare ba su da wannan ladabi. Idan harbi ya sami dabba a ciki, ƙazantar tumbi da hanji ta riga ta watsu a jikin naman tun kafin maharbi ya iso wurin.

Daga nan sai zafi ya karɓi aikin. Waɗannan ƙwayoyi suna hayayyafa tsakanin digiri 5 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma sun fi sakewa a daidai ɗumin jiki. Idan yanayi ya yi musu daɗi, wasunsu kan ninka yawansu duk minti 20. Da wannan lissafi, ƙwaya ɗaya tak za ta haura miliyan biyu cikin sa'o'i bakwai. Farauta kuwa sana'ar rani ce. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri ke wuce digiri 40, zomon da aka kashe da hantsi, aka cusa a buhu ba a farke cikinsa ba, aka jibga wasu a kansa, aka yi ta yawo da shi har la'asar sakaliya, ya yini ke nan a cikin yanayin da ƙwayoyin cuta suka fi so. Gashi da fata suna riƙe ɗumin jiki, hanjin da ba a cire ba ya fara kumbura, abin da ke cikinsa ya ratsa zuwa tsoka.

Hausawa sun ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, kuma ko da yake wata manufar suke nufi, gudun yana barin alama a jikin naman. Dabbar da karnuka suka yi ta kora har ta galabaita takan ƙone sukarin da ke ajiye a tsokarta. Wannan sukari shi ne yake juyewa bayan mutuwa ya zama ɗan tsamin da ke rage wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, ya sa nama ya ɗan jima bai lalace ba. In ya ƙare a wajen gudu, sai naman ya fito da duhu, ya kuma riga na dabbar da aka yanka a natse ruɓewa. Haka abin yake ga wadda ta kwana tana fafutika a tarko.

Akwai kuma abin da mafarauta da kansu suka sani: dabbar da ta fi sauƙin kamu ita ce marar lafiya. Barewa mai ƙoshin lafiya ba ta tsayawa yaro ya cim mata da gora.

Banda da babbaka

Maharbin da ya yi kwanaki a dawa ba shi da firiji, don haka banda ce mafitarsa. Tsohuwar dabara ce, kuma tana aiki idan an ba ta haƙƙinta. Matsalar tana ga yadda ake yin ta don kasuwa: a ɗora dabba sukutum, ko a raba ta gida biyu ko huɗu, a kan wuta mai hayaƙi. Bayan naman ya bushe ya yi tauri, amma can kusa da ƙashi yana nan da danshi da ɗumi, bai dahu ba, bai bushe ba. Ɓawon da ya yi a waje ma hana danshin ciki fita yake yi. Idan ba a sayar yau ba, gobe a sake kara shi a wuta don ya yi ƙyalli, jibi ma haka. Kowace karawa tana mayar da cikin naman zuwa ɗumin da ƙwayoyin ke so, ƙamshin hayaƙi kuma ya rufe warin da da shi ne zai gargaɗi mai saye.

Kilishi ya isa misalin bambancin. Mai kilishi yana yanyana nama ya yi shara-shara, rana ta busar da shi cikin sa'o'i, a tsoma a labu mai gishiri da yaji, a sake shanyawa, sannan a gasa. Ruwan da ƙwayar cuta ke buƙata ya tafi. Cinyar gada mai kaurin tafin hannu ba za ta taɓa bushewa haka a kan wutar kwana ɗaya ba. A cikin irin wannan dunƙulen nama da iska ba ta ratsa shi ne dangin ƙwayoyin Kulostiridiyum ke samun wurin zama, kuma ɗaya daga cikinsu tana fitar da dafin da ke shanye jijiyoyi: mutum ya fara gani biyu-biyu, fatar ido ta sauko, haɗiya ta gagara, daga baya numfashi ya yi nauyi. Ba kasafai ake samun wannan ba, amma idan ya faru, ko sa'a guda ba a jinkirta zuwa asibiti.

A wasu wuraren kuma da tsofaffin tayoyi da robobi ake babbake gashin dabba, saboda sun fi itace arha kuma wutarsu ba ta saurin mutuwa. Hayaƙin taya yana ɗauke da sinadaran da ke jawo cutar kansa, da ƙarafa masu guba, kuma suna maƙalewa a fatar da za a ci. Wannan ba ya kwantar da mutum washegari. Taruwa yake yi a jiki, shekara da shekaru.

Guba da dalma

Maharban da sun yi amfani da dafi, amma sun san iyakarsa. Dafin kibiya, wanda akan haɗa da 'ya'yan kwankwani, yana tsayar da zuciyar dabba idan ya shiga jini, kuma al'adar maharba ce su yanke naman da ke kewaye da inda kibiya ta shiga su yar. Abin da ya zo daga baya ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Wasu masu neman kamu ba tare da wahala ba sukan cakuɗa maganin ƙwari na gona da hatsi su watsa, ko su zuba shi a ɗan ruwan da ya rage a tafki lokacin rani, inda zabin daji da fakara da ƙananan dabbobi ke zuwa sha. Washegari sai tsinta kawai. An daɗe ana jin sunan Gammalin 20 a wannan ɓarna, musamman wajen kamun kifi. Sinadarin da ke cikinsa, wato lindan, yarjejeniyar Stockholm ta haramta amfani da shi a noma tun 2009 saboda yadda yake daɗewa a ƙasa da ruwa da kitsen jiki. Tsuntsun da ya mutu ta wannan hanya yana ɗauke da gubar a ƙundu da hanji da hanta, wato daidai sassan da ake rububi a kwanon farfesu, kuma tafasa ba ta ba da tabbacin kawar da ita.

Gubar kan iya shiga ko bayan an kai kasuwa. Busasshen nama da kifi suna jawo ƙudaje da ƙwari, kuma akwai 'yan kasuwar da ke yayyafa musu fiya-fiya ko Sniper don kada su yi asara. A 2019 Hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, ta taƙaita su ga masu sayar da kayan noma, amma duk mai shiga kasuwa ya san ba su ɓace ba. Naman da ke shanye a fili, ƙudaje na yawo a teburin maƙwabci amma ba sa sauka a kansa, ya cancanci a yi masa kallon tuhuma.

Alamun irin wannan guba suna da saurin bayyana, daga mintoci zuwa 'yan sa'o'i: yawu ya riƙa dalala, gumi ya karyo, ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura, ciki ya murɗa, tsoka ta riƙa rawa, ƙirji ya cika da majina. Manja da madarar da aka saba ɗura wa mutum ba sa karya wannan guba, kuma ɗura wa wanda ya fara fita hayyacinsa abu a baki na iya sa ya shaƙe. Maganinta allura ce da ake kira atirofin, kuma a asibiti ake samun ta.

Sai dalma. Harsashin bindigar farauta na kanti cike yake da ƙananan ƙwallayen dalma, ita kuma adaka, bindigar tokar da maƙera ke ƙerawa, ana ɗura mata duk abin da ya samu na gutsattsarin ƙarfe da dalma. Dalma ƙarfe ne mai laushi. Idan ta bugi ƙashi takan tarwatse ta zama ɓurɓushin da ido ba ya gani, ya bazu nesa da ramin harbin. Wanda ya tauna ƙwallo ɗaya ya tofar yana ganin ya tsira, alhali ƙananan sun wuce. Dafa naman da abu mai tsami yana ƙara narkar da ita cikin romo. Jama'ar ƙasar nan ba baƙi ba ne ga aikin dalma: a 2010 ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, ta dalilin niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Abin da ke cikin nama bai kai ko kusa da wancan yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa. Babba na iya ci ya tashi lafiya. Ƙaramin yaro da jaririn da ke ciki su ne dalma ke taɓa wa ƙwaƙwalwa, kuma illar ba ta gyaruwa.

Cututtukan da ke kama mai fiɗa

Wani rukunin haɗarin ya fi faɗa wa wanda ya taɓa ɗanyen naman fiye da wanda ya ci dafaffe. Wuta tana kashe ƙwayoyin zazzaɓin Lassa da Ebola da ƙyandar biri. Amma kafin a kai ga wuta, akwai yaron da ya ciro ɓera daga rami da hannu, da maharbin da ya feɗe da ƙaramin rauni a yatsa, da uwargidan da ta wanke jinin a tsakar gida.

An fara gano zazzaɓin Lassa a 1969 a garin Lassa da ke kudancin Jihar Borno ta yanzu. Mai ɗauke da shi wani ɓera ne mai nonuwa da yawa, wanda ba ya nuna alamar ciwo, amma fitsarinsa da kashinsa da jininsa suna ɗauke da ƙwayar. Masu bincike a ƙasar Gini sun nuna tun a shekarun 1990 cewa farautar ɓeraye da cin su na cikin hanyoyin kamuwa. A Najeriya cutar tana tsananta ne a rani, daga Disamba zuwa Afrilu, daidai lokacin farauta da ƙona daji, kuma wutar da ake cinnawa don fito da gafiya ita ce ke koro ɓeraye zuwa rumbuna da ɗakuna. Jihohin Ondo da Edo da Bauchi da Taraba su ne suka fi yawan fitowa a rahotannin Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. Kimanin mutum takwas cikin goma da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma a cikin waɗanda ciwon ya kai su gadon asibiti, kusan 15 cikin 100 ko fiye suna rasuwa, kuma wasu daga waɗanda suka warke sukan tashi da kurunta. Abin da ya sa take kisa shi ne farkonta bai da bambanci da zazzaɓin cizon sauro ko taifot, sai a yi ta shan magani a kemis har lokacin da maganin ribabirin ya fi amfani ya wuce.

Ƙyandar biri ta sake ɓulla a Najeriya a Jihar Bayelsa a watan Satumban 2017, bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta ba. Sunan yana ruɗarwa, domin masana sun fi zargin dangin ɓera da kurege. A 2003 cutar ta ɓulla a Amurka, kuma da aka bi sawu sai aka tarar ta shiga ne ta wasu ƙananan dabbobi da aka kai daga Ghana, cikinsu har da gafiya. Ebola kuwa ta shigo Legas ranar 20 ga Yulin 2014 ta jikin wani matafiyi daga Laberiya, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu. Amma annobar ta faro ne a wani ƙauye a Gini a ƙarshen 2013, inda ake kyautata zaton daga jemage ta tsallako, kuma ta ci rayuka fiye da 11,000 a yammacin Afirka. A lokacin kasuwar naman daji ta mutu murus. Da tsoro ya lafa, sai ta farfaɗo kamar ba a yi ba.

Batun mushe yana da nasa haɗarin na daban. Dabbar da aka tsinta a mace ba rauni, cikinta a kumbure, baƙin jinin da ba ya daskarewa yana fita ta hanci da baki da dubura, alama ce ta cutar da makiyaya ke kira saifa, wato antaraks. Ƙwayarta tana yin wani irin ɓawo da ke iya shekaru aru-aru, ko aƙalla gommai, a cikin ƙasa, kuma dahuwar gida ba abin dogaro ba ce a kanta. Farke irin wannan gawa ma kaɗai ya isa ya yaɗa cutar. A watan Yunin 2023, bayan ɓullarta a arewacin Ghana, Ma'aikatar Noma ta Tarayya ta gargaɗi jama'a su guji ganda da naman banda da naman daji, kuma a watan Yuli gwajin Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom ya tabbatar da ita a wata gona a yankin Suleja ta Jihar Neja.

Ga Musulmi, shari'a ta riga ta toshe wani sashe na wannan ƙofa. Aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta mushe, ta haɗa da dabbar da ta mutu ta hanyar shaƙewa ko duka matuƙar ba a riske ta da rai an yanka ba, wanda ya shafi abin da aka tarar ya mutu a tarko. Littafin Risala, da ake karantawa a zaurukan malamai a duk faɗin ƙasar Hausa, ya kawo sharaɗin kada abin da aka harba ya kwana ba a gan shi ba, ko da yake ya ambaci wani ra'ayin da ya sassauta idan an sami kibiyar a makasa. Likitan dabbobi zai sa hannu a kan wannan sharaɗi ba tare da gardama ba. Sai dai mai saye a bakin titi ba shi da hanyar sanin ko an kiyaye ɗaya daga ciki, musamman idan an riga an daddatsa naman an yi masa banda, inda ko irin dabbar ma ba a iya tantancewa.

A madafa

Wanda duk da haka ya ga zai ci, mafi aminci shi ne dabbar da ya san wanda ya kamo ta, aka yanka, aka cire kayan ciki nan take, aka dafa a ranar. Mai fiɗa ya sa safar hannu, ko aƙalla ya ɗaura leda, kuma mai rauni a hannu ya bar wa wani. A yanke naman da ke kewaye da harbi da faɗi a yar, a haƙura da kayan ciki da ƙwaƙwalwa. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanyen nama kada su taɓa albasa da tumatir da latas ɗin da za a ci ɗanye sai an wanke su da sabulu, domin sau da yawa naman ya dahu lafiya, ciwon ta kwaɗon da aka yanka a kan katako ɗaya ya shigo. Damo da guza da sauran masu jan ciki sun fi buƙatar wannan kulawa, saboda ɗaukar Salmonela ɗabi'arsu ce ko suna da lafiya.

A yanka ƙanana a tafasa har zafi ya kai digiri 70 a tsakiyar tsoka, wato babu sauran ja, romon da ke fita kuma ya zama garau. Gashi a kan garwashi ya fi daɗi amma ya fi barin ciki ɗanye, kuma a ɗanyen ciki ne tsutsotsi da ƙwayar Tokzofilazma ke tsira, wadda kan yi wa jaririn da ke ciki mummunar illa. Mai juna biyu da ƙananan yara da tsofaffi da masu ciwon suga ko ƙoda, barin naman ya fi musu.

Bayan dahuwa ma da sauran aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dafaffen abinci ya wuce sa'o'i biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a sanyi ba. Babbar tukunyar farfesu da aka bari ta huce a hankali cikin dare wuri ne da wasu ƙwayoyin da suka tsallake tafasa ke farfaɗowa. Ɗumame sai ya tafasa sosai, kuma akwai dafin da ƙwayar Istafilokokus ke bari wanda ko tafasar ba ta karya shi. Firiji kuma dakatar da ƙwayoyi yake yi, ba ya kashe su. A unguwar da ake ɗauke wuta yini guda, naman da ya narke ya sake daskarewa sau uku ya sami damar lalacewa sau uku.

Idan ciwo ya zo

Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 sun nuna gurɓataccen abinci yana kwantar da mutum miliyan 600 duk shekara a duniya, yana kashe 420,000, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka kwatanta da yawan jama'a, da mutum miliyan 91 masu kamuwa da 137,000 masu mutuwa. Kaɗan ne daga ciki ake gano asalinsu, kuma ɗaya daga dalilan shi ne lokaci. Dafin Istafilokokus yana sa amai cikin sa'a ɗaya zuwa shida. Salmonela kan ɗauki daga sa'o'i shida zuwa kwana uku, Kamfilobakta kwana biyu zuwa biyar, Lassa kuma har mako uku. Kafin alamu su fito an manta da tsarabar hanya, sai a ɗora laifin a kan abincin jiya, ko ruwan unguwa, ko a ce sammu ne, a fara kallon kishiya ko abokin gaba a kasuwa da ofis, a ɓata zumunci a kan abin da gyazbi ya jawo.

Yawancin amai da gudawa suna lafawa cikin 'yan kwanaki, kuma abin da ke kisa a cikinsu ƙarewar ruwan jiki ne. Maganin farko shi ne ruwan gishiri da sukari, na fakiti da ake sayarwa a kemis, ko a haɗa a gida da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tsaftataccen ruwa, a riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Al'adar haɗiyar Flagyl da kafso da zarar ciki ya motsa ba ta da amfani a mafi yawan lokuta, kuma a wani nau'in Ikolai mai sa gudawar jini tana iya ƙara haɗarin lalacewar ƙoda. Haka nan ba a shan maganin tsayar da gudawa idan akwai jini ko zazzaɓi.

Asibiti ya zama dole idan aka ga jini a bayan gida, ko amai ya hana ruwa zama, ko fitsari ya ɗauke, ko yaro ya yi laushi idanunsa suka faɗa, ko aka ga ɗaya daga alamun guba da na shanyewar jijiya da aka ambata. Haka ma zazzaɓin da ya ƙi jin maganin cizon sauro bayan kwana biyu ko uku, ko ƙuraje masu ruwa, ko gyambo mai baƙin tsakiya a hannun wanda ya yi fiɗa. A nan abin da ya fi taimaka wa likita shi ne a gaya masa kai tsaye cewa an ci ko an taɓa naman daji, da irin dabbar, da ranar, da sauran waɗanda suka ci. Wasu kan ɓoye saboda kunya ko tsoron a killace su, alhali wannan bayani ne ke sa a yi gwajin da ya dace, ya kuma sa ma'aikatan jinya su kare kansu, domin likitoci da nas-nas da dama a ƙasar nan sun rasa rayukansu ta hanyar jinyar mai Lassa da ba a san yana da ita ba. Ragowar naman a ƙulle shi a leda a ajiye nesa da yara, kada a ba kare ko kaji, ko za a buƙace shi don gwaji. Idan mutum biyu ko fiye suka kwanta bayan cin kwano ɗaya, ana sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko a kira Hukumar NCDC a layinta na kyauta, 6232.